A Tuge Ko A Bari?

Wani tsiro ya fito a gindin katangarmu. Katikis ya ce dogon yaro ne, a tuge kafin saiwarsa ta tsaga gini. Wata tsohuwa ta ce maɗaci ne. Bakin ganyen dogon yaro kamar zarto yake, na maɗaci sumul, amma ganyen fari bai isa shaida ba.

Daidai ne a hukunta abin da bai gama bayyana ba? A Matiyu 13 maigona ya hana tuge ciyawa saboda alkama. Duk da haka tsoron katikis ba banza ba ne. Na mai da tsiron cikin tukunya. Irin wannan na roƙa wa yaron da ake neman kora daga ƙungiyar mawaƙa.