Musulmi Baƙo A Ƙofar Mashayar Japan

  Ya 'yan'uwa Musulmi, mas'alarmu ta wannan mako ta shafi matafiyi wanda karatu ko aiki ya kai shi ƙasar Japan.

A lardin Nagano akwai wani ƙauye a gindin duwatsu ana ce da shi Hakuba, inda aka yi sashen wasannin Olamfik na hunturu a 1998. Mutane kan zo daga ƙasashe masu nisa don zamiya a kan dusar ƙanƙara. In dare ya yi, sanyi ya tsananta, sai su nufi wasu ƙananan gidaje, wasunsu da jar fitila rataye a ƙofa. Sunan irin wannan gida izakaya, ma'anarsa shagon giya wanda a ke zama a cikinsa. Asalinsa tun zamanin Edo ne, 1603 zuwa 1868, lokacin da masu sayar da giyar shinkafa suka fara barin mai saye ya sha a nan take, suna haɗa masa da ɗan abin taɓawa. Yanzu ana samun tsiren kaza, da gasasshen kifi, da awara, da dafaffen ɗanyen waken soya. To, in abokan tafiya suka gayyaci Musulmi can, ya shiga ko kada ya shiga?

Mu fara da akushi. Kifi da sauran dabbobin ruwa halal ne da nassin aya ta 96 ta Suratul Ma'ida, kuma ba sa bukatar yanka. Amma kaza da naman sa sai an yi tambaya, domin galibin Jafanawa mabiya Shinto da Buda ne, ba su cikin Ahlul Kitabi da aya ta 5 ta halatta mana yankansu. Naman alade kuwa yana da yawa a girkinsu. Akwai kuma wata giya mai zaƙi, mirin, wadda a ke zubawa a romo da miyar da a ke shafa wa tsire. Har ɗan abincin da a kan ajiye wa baƙo da zarar ya zauna, ba tare da ya nema ba, a kuma sa shi a lissafi, yana bukatar bincike.

Amma ko da akushi ya tsarkaka, teburi fa? Tirmizi ya ruwaito hani daga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ga mai imani da Allah da Ranar Lahira ya zauna a teburin da a ke kewaya giya a kansa. An kuma ruwaito la'ana a kan mutum goma game da giya, har da mai zuba ta ga wani. Nan ne wurin lura. A ladabin Jafanawa mutum ba ya cika wa kansa kofi. Kowa yakan zuba wa na kusa da shi, ƙarami ya zuba wa babba. Ashe wanda ya zauna da kofin shayinsa, yana ganin ya kuɓuta, ba da jimawa ba kwalba za ta iso gabansa. In ya zuba ya faɗa cikin hani, in ya ƙi ya kunyata na gaba da shi a bainar jama'a.

Wani zai ce, ai addininmu ya umarce mu da kyautata wa mutane, kuma a can ƙin amsa gayyatar abokan aiki yakan sanyaya zumunci. Wannan gaskiya ne, ba kuwa ƙaramin abu ba ne ga ɗalibi mai neman yardar malaminsa. Sai dai kyautatawa tana da ƙofofi da yawa. Ya faɗi uzurinsa tun da rana, cikin ladabi, kafin a kai ga ƙofa. Ya gayyace su shan shayi ko abincin rana, ya biya. Ya kai musu tsaraba, abin da su ke girmamawa ƙwarai. Kada kuma ya wulakanta su ko ya zagi al'adarsu, domin ba a aiko shi alƙali a kansu ba.

Lalura fa? Aya ta 173 ta Suratul Baƙara ta yi rangwame ga wanda ya matsu, ba mai neman daɗi ba, ba mai wuce iyaka ba. Amma garin da ke da kantuna masu sayar da shinkafa da ƙwai da 'ya'yan itace, ba a kiran jin kunyar abokai a cikinsa lalura. In kuwa da gaske an rasa ko'ina, ya sayi abin da ya tabbata halal ne ya fita da shi, ko ya ci a gefe shi kaɗai, ya tashi.

Allah Ya tsare mana imaninmu a gida da kuma baƙunci, amin.