Ko Gaskiya Tana Fitowa Daga Bakin Mai Gāba da Ikkilisiya?

A shekara ta 2000 ne marubucin nan na ƙasar Ingila, Philip Pullman, ya fitar da The Amber Spyglass, littafi na uku kuma na ƙarshe cikin jerin ƙagaggun labaransa na matasa mai suna His Dark Materials. Na fari, Northern Lights, ya fito a 1995, na biyu kuma, The Subtle Knife, a 1997. Wannan na ukun ya ci babbar kyautar Whitbread ta 2001, kuma shi ne littafin yara na farko da ya taɓa samun wannan daraja. Tun daga lokacin ra'ayin masu karatu ya rabu a kansa. Akwai waɗanda suka rufe shi da hawaye saboda yadda labarin ya ƙare, akwai kuma waɗanda suka jefar da shi suna cewa saɓo ne tsantsa. Amma mai karatun da ya fi shiga damuwa shi ne matashi mai bi wanda abubuwan nan biyu suka same shi a lokaci ɗaya: labarin ya taɓa zuciyarsa ƙwarai, ga shi kuwa ya san marubucin yana gāba da abin da ya ba da gaskiya gare shi. Tambayarsa ita ce, shin ya yi laifi da littafin ya motsa shi? Ko yana yiwuwa mutumin da ya ƙi Allah ya faɗi gaskiyar da mai bi zai amfana da ita?

Abin da ke cikin littafin

Labarin yara biyu ne masu kimanin shekara 12, Lyra da Will, kowannensu daga duniyarsa dabam. A duniyar Lyra kurwar kowane mutum tana waje da jikinsa cikin siffar dabba, tana magana da shi, ba ta kuwa rabuwa da shi. Will yana da wata wuƙa mai yanka taga tsakanin duniya da duniya. Ikkilisiyar da ke cikin labarin, wadda ake kira Magisterium, hukuma ce ta zalunci, mai tsoron ilimi, har wani reshenta yana raba yara da kurwarsu da sunan kare su daga zunubi.

A littafi na uku marubucin ya fito fili. Wanda ake yi wa sujada a matsayin Allah, in ji labarin, mala'ika ne kawai da ya riga sauran kasancewa, ya yi musu ƙarya cewa shi ya halicce su. Sa'ad da yaran suka same shi ya tsufa tukuf, ya ruɗe, suna buɗe akwatin da yake ciki don su taimake shi sai iska ta watsa shi. Akwai kuma Mary Malone, wadda ta bar zaman sista ta Katolika ta zama masaniyar kimiyya. Ita aka ba matsayin macijin gonar Adnin, Lyra kuwa ta zama sabuwar Hawwa'u, wadda faɗuwarta ta ceci duniya maimakon ta hallaka ta. Ba amfani a yi wa wannan kwaskwarima. Pullman bai taɓa ɓoye rashin bangaskiyarsa ba, ko da yake kakansa limamin cocin Anglika ne, ya kuma sha sukar labaran Narnia na C. S. Lewis a fili. Mai karatun da ya ji ƙanshin gāba a cikin littafin hancinsa bai ruɗe shi ba.

Zargin da ya kamata a saurara

Duk da haka, kafin a yi fushi ya kamata a tambaya ko duk zargin ƙarya ne. A cikin labarin, kujerar mulkin Ikkilisiya tana birnin Geneva, kuma John Calvin ne fafaroma na ƙarshe, don haka ba wata ɗarika da za ta ce da maƙwabciyarta ake. Tarihi kuwa ya shaida cewa a Geneva ɗin aka ƙone Michael Servetus a 1553 saboda koyarwarsa, kamar yadda aka gurfanar da Galileo a Roma a 1633 saboda maganarsa a kan tafiyar duniya. A zamanin nan ma an tona asirin cin zarafin yara a coci-coci na ƙasashe da dama, da yadda shugabanni suka rufa wa masu laifi asiri don kare sunan hukumarsu. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ɗacinta bai ragu ba don ta fito daga bakin abokin gāba.

Littafi Mai Tsarki kansa ya riga Pullman yin wannan zargi, da zafin da ya fi nasa. Ezekiyel sura 34 ta tsauta wa makiyayan da ke kiwon kansu su bar tumaki, Matiyu sura 23 kuma cike take da kaiton Ubangiji Yesu a kan shugabannin addini masu ɗora wa mutane kaya masu nauyi. A Matiyu 18:6 ya yanke hukunci mai ban tsoro a kan duk wanda ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe. Wannan na cikin dalilan da suka sa Rowan Williams, wanda ya riƙe muƙamin Babban Bishop na Canterbury daga 2002 zuwa 2012, bai bi sahun masu neman a ƙaurace wa littattafan ba. A 2004 ya zauna da Pullman a gaban jama'a a Landan suka tattauna, ya kuma ba da shawara a yi nazarin labarin a darasin addini a makarantu. A ganinsa abin da littafin ya rushe addini ne na danniya da tsoro, ikkilisiyar da babu Almasihu a cikinta. Hakika duk wanda ya karanta littattafan uku zai lura cewa akwai limamai da kotunan addini da mala'iku, amma gicciye da Mai Fansa ba su da wani matsayi a labarin.

Inda littafin ya fi ƙarfi

Wurare biyu ne masu karatu suka fi tunawa. Na fari shi ne saukar yaran zuwa ƙasar matattu don neman Roger, abokin Lyra, wanda mahaifinta ya kashe. Kafin ta haye ruwa dole ta bar kurwarta a gaɓa, abin da ya yi mata zafi kamar an tsaga ƙirjinta. Lyra gwanar ƙarya ce, da ƙarya ta tsira a littattafai biyu na baya. Amma a can, da ta shirya tatsuniyarta ga wasu tsuntsaye masu fuskar mata da ke gadin wurin, sai suka far mata. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Sai da ta ba da labarin gaskiya na ƙuruciyarta a Oxford suka yi tsit suna saurare, daga nan aka ƙulla alkawari cewa za su riƙa nuna wa matattu hanyar fita in sun ba su labarin rayuwarsu na gaskiya.

Na biyu shi ne ƙarshen labarin. Bayan yaran sun gane suna ƙaunar juna, sai aka sanar da su cewa kowace taga da wuƙar ta yanka tana zubar da abin da ke raya hankalin halittu, tana kuma haifar da fatalwa mai cin kurwar manya. Dole a rufe tagogin duka, ɗaya kaɗai za a bari. Ba kuma wanda zai daɗe da rai a duniyar da ba tasa ba. Suna iya riƙe wannan taga ɗaya don kansu, amma suka bar wa matattu ita, suka rabu har abada, da alkawarin cewa kowace shekara a rana ɗaya, da tsakar rana, kowannensu zai zauna a benci ɗaya cikin lambun itatuwa na Oxford, kowa a duniyarsa. Will ya karya wuƙar da hannunsa.

Wasu masu karatu sun ce wannan mugunta ce, marubucin ya ƙirƙiro dokoki a shafukan ƙarshe don kawai ya raba yaran. Ƙorafin yana da ɗan tushe, gama dokokin sun zo a jere, a gurguje. Amma da an bar su tare, da labarin ya zama na yaran da suka ceci duniya ba tare da sun rasa kome ba, irin wannan kuwa ba ya zama a zuciya. Abin da ya sa ƙarshen ya yi nauyi shi ne farashin da aka biya. Mai bi kuma ba zai kasa gane siffar abin ba: wani ya sauka wurin matattu ya buɗe wa kamammu ƙofa, wani ya ba da abin da ya fi ƙauna domin waɗansu su sami 'yanci. Wannan ne zancen 1 Bitrus 3:18-19 da Yohanna 15:13. Marubucin ya kori Ikkilisiya daga labarinsa, amma da ya tashi nuna ƙauna mafi girma, a rijiyar da kakansa ya sha ya ɗebo ruwa.

Inda hanya ta rabu

Mai goyon bayan Pullman yana da amsa mai ƙarfi. Zai ce sadaukarwar yaran ta fi ta Kirista tsarki, domin ba su sa ran lada ko sama ba. Sun yi nagarta don ita nagarta ce. Wannan magana ta cancanci girmamawa, kuma babu mai gaskiya da zai musa cewa akwai marasa bi masu riƙon amana da jinƙai. Romawa 2:14-15 ma ta yarda cewa shari'a a rubuce take a zukatan waɗanda ba a ba su ita ba. Sai dai bisharar ba ta koyar da cewa ƙauna ciniki ce ba. Bisa ga 1 Yohanna 4:19, ƙaunar mai bi amsa ce ga ƙaunar da ta riga ta same shi.

A nan ne ainihin bambancin yake. Lyra tana da wata na'ura mai faɗar gaskiya wadda take karantawa ba tare da an koya mata ba. A ƙarshe baiwar ta ɓace, mala'ika ta gaya mata cewa da alheri take karantawa a dā, yanzu sai ta sake samunsa ta wurin aiki na tsawon rai. Matattu ma ba sa fita sai suna da labarin da za su biya da shi. Jarirai kaɗai aka ɗauke wa. Wato littafin yana tafiya ne daga alheri zuwa aiki, Afisawa 2:8-10 kuwa ta sa alheri a gaba, ayyuka su biyo baya a matsayin 'ya'yansa. Jamhuriyar sama da Lyra ta ƙudura ginawa a duniyarta ta dace da masu ƙarfi da basira. Wanda ya ɓarnatar da ransa, kamar ɓarawon nan da aka gicciye tare da Yesu, ba shi da abin da zai miƙa a wannan ƙofa.

Sa'an nan ga makomar matattun. In sun fita ta tagar, sai su narke su koma iska da ciyawa da ruwa. Littafin ya zana wannan da kyau ƙwarai, amma Roger da aka kashe yana yaro ba a mayar masa da kome ba, ba a kuma yi masa shari'a da wanda ya kashe shi ba. Yaran su kansu ba su gamsu ba, gama a bankwanarsu suna fatan ƙwayoyin jikinsu za su nemi juna bayan mutuwa su manne. Wannan marmari ne na dawwama, irin wanda Mai-Wa'azi 3:11 ya ce Allah ya sa a zuciyar ɗan adam. Labarin ya tayar da ƙishin da ba shi da ruwan kashe shi. 1 Korantiyawa sura 15 ta yi alkawarin abin da ya wuce narkewa, wato tashin jiki, inda mutum zai kasance shi ne dai, da sunansa da fuskarsa.

Abin da ya wajaba ga mai karatu

Saboda haka matashin da littafin ya sa shi kuka bai yi zunubi ba. Abin da ya motsa shi, wato faɗar gaskiya da aminci ga aboki da sadaukar da kai, nagari ne ko a bakin wa aka ji shi. An koya wa Musa dukan hikimar Masarawa, Daniyel ya yi karatun Kaldiyawa, Manzo Bulus kuma ya kafa hujja da mawaƙan Helenawa sa'ad da yake wa'azi a Atina. Basil, bishop na Kaisariya wanda ya rasu a 379, ya shawarci samari su karanta littattafan Helenawa yadda ƙudan zuma ke bin furanni, ya ɗauki abin da zai yi masa amfani ya bar saura. Laifin da za a guje wa shi ne karatu da ido rufe, inda daɗin labari zai sa a haɗiye koyarwarsa ba tare da an tauna ba.

Wannan kuwa ya ɗora nauyi a kan iyaye da malaman makarantar Lahadi da shugabannin matasa. A 2007 wata ƙungiyar Katolika a Amurka ta yi kira a ƙaurace wa fim ɗin littafi na fari, amma hakan bai hana BBC da HBO nuna labarin duka a talabijin daga 2019 zuwa 2022 ba. Hani kaɗai ba ya tsare yaron da ke da waya a hannu. Yaro ƙarami wanda bai iya rarrabewa ba, hikima ce a jinkirta masa. Wanda ya kai shekarun tambaya kuwa ya fi bukatar babba da zai karanta tare da shi, ya tambaye shi ko wannan tsohon mala'ika maƙaryaci ya yi kama da Uban da Yesu ya bayyana, da kuma abin da ya sa rabuwar yaran ta yi masa zafi haka. Gargaɗin 1 Tasalonikawa 5:21 shi ne a gwada kome, a riƙe abin da ke nagari. Ikkilisiyar da ta koya wa 'ya'yanta yin haka, ta kuma tsare ƙanana daga masu cutar da su a cikin gidanta, ta riga ta ba Pullman amsar da ta fi kowace muhawara. Ubangiji ya ba bayinsa hikimar yin haka.