Ruwan Ɗumi da Ladan Alwala

Shin wanda ya yi alwala da ruwan ɗumi cikin hunturu ladansa yana raguwa? Tambayar ta shigo gidanmu a Zariya ne lokacin da na ƙudurta sa wa mahaifiyata hita mara tanki, don sanyin Disamba da Janairu yana tayar mata da ciwon gwiwa. Da Kawu ya ji, sai ya ce, "Ɗana, ka bar wa Yaya ladanta. Alwala cikin sanyi ai ita ke kankare zunubi."

Kawu da hujjarsa. Ya zo a Sahihu Muslim cewa cika alwala a lokacin da jiki ba ya so yana shafe zunubai, yana ɗaukaka daraja. Sai dai a fahimtata, ladan na wanda wahala ta riska ne ya daure, ba na wanda ya fita nemanta ba. A yaƙin Zatus Salasil, shekara ta 8 bayan Hijira, janaba ta sami Amru ɗan Asi cikin dare mai tsananin sanyi, ya yi taimama ya ja mutane sallah, kuma Manzon Allah (SAW) bai zarge shi ba. An kuma ruwaito cewa ana ɗumama wa Sayyidina Umar ruwa ya yi wanka.

Sannan ruwan ɗumi ya daɗe a gidanmu. 'Yar ƙanwata ce ke tashi tun kafin kiran assalatu, ta tsuguna gaban murhu tana fifita itace, hayaƙi na cin idonta, har tukunya ta ɗau zafi. Sanyin da muke yaba ladansa, a jikinta yake ƙarewa. Sauke wa yarinya wannan nauyi ma aikin lada ne.

Da na shiga zaɓen hitar, mai gyaran wuta ya zaunar da ni. Hitar tanki tana tara ruwa ta dafa, ta yi ta riƙe zafinsa ko ba mai buƙata. Mara tanki kuwa sai an buɗe famfo take kamawa, ta ɗumama ruwan yana wucewa. "Malam, tana da cin wuta," in ji shi. Mai wat 5,500 takan ja kusan amfa 24, don haka sai an ja mata wayarta ita kaɗai mai kauri, a haɗa da wayar ƙasa saboda jan wuta. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukarta, kuma in ruwan tankin sama ba shi da ƙarfi, ba ta ma tashi. Mai aiki da gas kuma ba a kafa ta a banɗaki rufaffe, domin iskar da take fitarwa ba ta da wari, tana kuwa kisa. Na zaɓi ta lantarki.

A wurina, nan ne ainihin tambayar addini take. Buta tana ƙarewa, tukunya tana ƙarewa, ko hitar tanki ruwanta kan huce ya kore ka daga wanka. Mara tanki kuwa, muddin akwai wuta da ruwa, ba ta da iyaka. Annabi (SAW) da mudu guda yake alwala, mudun nan na zakkar fidda kai, cikin tafi biyu, wanda bai kai lita 1 ba. Wanka kuma da sa'i, wato mudu 4. Da sanyi ne ke hana mu ɓarna. In an ɗauke sanyin, tsoron Allah kaɗai ya rage. Ruwan da burtsatsena ke zuƙowa daga ƙasa ɗaya yake fitowa da rijiyar maƙwabcina, wadda kan ƙafe da bazara har sai ya sayi jarka wajen 'yan ga-ruwa.

An kafa hitar, an kuma kafa doka: a tari ruwan alwala a buta, a tari na wanka a bokiti, a rufe famfo. Kawu ya amince da haka.

Ɗan'uwa, in Allah ya hore maka, ka sa wa tsofaffinka ruwan ɗumi, ba laifi a ciki. Amma ka koya wa iyalinka auna shi, domin haramcin almubazzaranci bai bambanta ruwan zafi da na sanyi ba.