Sabuwar Taya: Zargi Ko Hukunci?

Mai a-kori-kura ya sayi sabbin tayoyi huɗu, mai faci ya ɗaura masa, ya hau kwalta. Yana kaiwa gudun kilomita 90 zuwa 110 a awa sai sitiyari ya kama rawa a hannunsa, madubin gefe na kakkarwa, in ya sassauta kuma abin ya lafa. Kafin ya juyo da kan motar ya riga ya yanke hukunci cewa jabu aka sayar masa. Hujjarsa guda ce: jiya lafiya lau, yau ga girgiza, kuma taya kaɗai aka taɓa. Ni a ganina wannan hujja ta isa a yi zargi, amma ba ta kai a yi hukunci da ita ba. Tazarar da ke tsakanin biyun kuwa, tun kafin a san gareji malaman tauhidi suke muhawara a kanta.

Da farko ma, cewa "taya kaɗai aka taɓa" ba gaskiya ba ne. A ranar an ɗaga mota a jak, an kwance notuna an mayar, wataƙila an ɗaure wani tamau an bar wani sako-sako, ko rim bai zauna daidai a mazauninsa ba saboda tsatsa ko busasshen taɓo. An ɓamɓare tsofaffin dalmomin balansin, an manna wasu, ko an ce ai sabuwar taya ba ta bukata. An ba da iska, sau da yawa ta kunne da bugun ƙarfe ba ta ma'auni ba. Rim ɗin da ya ɗan lanƙwashe da yake baya, inda ba a jinsa sosai, ƙila yanzu ya dawo gaba. Har direban ya canza, abin da ba a cika lura da shi ba: da sudaddiyar taya ba ya wuce 80 don tsoron fashewa, yanzu ya samu ƙwarin gwiwar taka mota zuwa gudun da tsohuwar cutar farfela ko ta tayarod take bayyana, ga kunnensa a buɗe domin ya kashe kuɗi. Abubuwa bakwai ko takwas suka auku a yini ɗaya, ya kira su da suna guda saboda guda ne ya biya da tsada.

Za a ce wannan ƙaƙale ne, domin galibi in mota ta yi rawa bayan canjin taya, a wajen tayar matsalar take. Haka ne, kuma lissafi na goyon bayan masu faɗin haka. Taya mai lamba 265/65R17, irin wadda ake sa wa Hilux, kewayenta ya kusa mita biyu da rabi, don haka a gudun kilomita 100 tana juyawa kamar sau 11 a daƙiƙa. Rarar nauyi ta giram 30 a bakin rim, wadda yaro zai riƙe a tafin hannu bai ji ta ba, a wannan gudu fizgarta ta haura kilo 3, tana dukan ƙafar mota sama da ƙasa sau 11 kowace daƙiƙa. Wannan bugu ya yi kusa da saurin da ƙafar motar take son yin tsalle da kanta a kan sifirin, shi ya sa girgizar ke tsananta a wani gudu ta ragu in an wuce shi. To wanda ya fara duba balansin ya yi daidai. Fiƙihu ma yana aiki da zato mai rinjaye. Sai dai aikin zato mai rinjaye ya nuna inda za a fara dubawa. Wanda ya ɗora da'awa a kan mai shago, ya ce ya ha'ince shi, shari'a hujja take nema daga gare shi. Kuma ko balansin ne ya ɓaci, mai laifin na iya zama injin da ba a saita ba ko yaron da ya yi aikin cikin gaggawa, tayar kanta ba ruwanta.

Ƙwararren bakanike ba ya tambayar me ya zo ƙarshe, motar yake yi wa tambayoyi. A ina ake ji? In a sitiyari ne, ƙafafun gaba. In a kujera da ƙasan mota ne, na baya. Yaushe ake ji? In sai an taka birki, a duba faifan birki. In tana ƙaruwa da taka totur ta lafa da an saki, hankali ya koma kan farfela da kurosinta, wadda ke juyawa sau uku ko huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya, shi ya sa girgizarta ta fi kama da gunji. In tun a gudun kilomita 30 motar ke tangaɗi, rim ya lanƙwashe ko wayar cikin taya ta rabu. Sannan gwajin da ya fi kowanne: a mayar da na gaba baya, na baya gaba. In rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, ta bi taya da rim ɗinta. In ta tsaya inda take, a sallami mai shago.

Nan ne mai karatun falsafa zai ɗaga hannu. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga a Tahafutul Falasifa: ido na ganin ƙonewa tare da haɗuwarsu, amma ba ya ganin cewa wutar ce ta aikata. David Hume na Sikotland ya zo da kusan wannan magana a 1739. In haka ne, ashe gwajin bakanike ma biyo-baya ne kawai, da me ya fi hujjar direba? Ibn Rushd ya ji tsoron cewa hanyar Gazali za ta rushe ilimi ɗungurungum. Amma Ash'arawa, 'yan mazhabar su Gazali, ba su bar wurin a buɗe ba. Shehu Sanusi na Tilimsan, da ya rasu a 1490, wanda ake karanta littattafansa na tauhidi a zaurukanmu, ya raba hukunci uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Na al'ada, a bayaninsa, ɗaure abu ne da wani abu, a samuwarsu da rashinsu, ta hanyar maimaituwa, tare da yarda cewa yana iya saɓawa kuma mai aikatawa na haƙiƙa Allah ne. A lura da sharuɗɗan: maimaituwa, da samuwa, da rashi. Direba sau ɗaya ya gani, ta fuska ɗaya. Bakanike ya cire ya gani, ya mayar ya gani, ya sauya wuri ya gani. Mazhabar da wasu ke ɗauka ta ce a bar bincike tunda komai yin Allah ne, ita ce ta gindaya wa bincike sharaɗi mafi tsauri, kuma direbanmu bai cika shi ba.

Sunna ma ta tsaya a wannan gefe. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, a shekara ta 10 bayan hijira, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar ne. Fassarar ta ɗaukaka gidansa ce, da ya yi shiru ba mai zarginsa, amma ya ƙaryata ta a bainar jama'a, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Mu kuwa har yanzu amarya za ta tare, kasuwar miji ta karye a watan, a ce farar ƙafa gare ta, alhali bashin da ya karya shi tun bara yake ɗauke da shi.

Saura uzurin da na fi ganin ƙarfinsa, wato talauci: mai ɗaukar kayan gwari daga ƙauye ba shi da yinin da zai ɓata yana gwaje-gwaje. Amma sauya tayoyin gaba da na baya bai fi aikin rabin awa ba da jak da sifana, rashin yinsa kuwa shi ke sa a mayar da lafiyayyun tayoyi, a ƙara kuɗi a sayo wasu, a hau titi da tayarod mai lilo. Gaskiya ne gwajin ba kullum yake fitar da mai laifi guda ba. Wani lokaci shokozoba ya daɗe da mutuwa, sabuwar taya kuma tana da 'yar rarar da lafiyayyar mota za ta shanye ba a ji ba, sai haɗuwarsu ta haifi girgizar. A nan mai shago da mai mota kowa na da gaskiya in ya ce ba nasa ba ne kaɗai, kuma sai a yi balansin, a canza shokozoba, kuɗin dalma a kan wanda ya ɗaura, kuɗin shokozoba a kan mai mota.