"Baba Fasto, Ɗana Yana Ina Yanzu?"

Mai karatu, yau ba sharhin fim na zo maka da shi ba, ko da yake fim ne ya tono maganar. Kwanan baya ina kallon wani fim mai dogon zango, irin waɗanda ake saki mako-mako, sai ga yarinya an yi mata auren dole, ta shiga ɗaki ta kulle, ta halaka kanta. Darakta ya sa kiɗa mai taushi, ya haska fuskarta tas kamar amarya ranar kamu. Fitowa ta gaba kuma sai ga dattijo yana shaida wa uwarta, ba ko sassauci, cewa 'yarta ta tafi wuta. Cikin minti biyar an ƙawata aikin, an kuma yanke wa mai aikin hukuncin lahira. Duka biyun sun dame ni, domin sun tuna mini da wata uwa da na taɓa gani ido da ido.

Lokacin da nake karatun difloma a Kazaure, ɗakinmu ɗaya da wani yaro Kirista, Bahaushe, ɗan wani ƙauye a ƙasar Roni. Kada ka yi mamaki. Da yawanmu in an ce Kirista sai tunaninmu ya tafi Sabon Gari, alhali mishan ɗin SIM ta yi tasha da makarantar yara maza a Roni tun zamanin Turawa, daga wannan mishan ɗin ne cocin ECWA ta fito a 1954, kuma tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Kakannin abokin nan nawa Maguzawa ne, Hausarsa ma ta fi tawa nuna.

Wata safiya aka bugo masa waya cewa yayansa ya rasu. Na raka shi. Sai da muka yi nisa a kan mashin sannan ya faɗa mini gaskiya: yayan shi ya kashe kansa. Bashi ya yi masa katutu, damina ba ta yi kyau ba, ya yi kusan wata biyu ba ya barci, ba ya magana da kowa. Da muka isa muka tarar dattawan ikilisiya sun rabu biyu. Wasu sun ce a binne shi shiru-shiru, ba waƙa ba wa'azi, domin ya mutu cikin zunubin da bai samu damar tuba ba. Wasu suka ce a yi masa jana'iza kamar kowa. Uwar kuwa ba wannan ne ya dame ta ba. Ta kama bakin rigar faston ta ce, "Baba Fasto, ɗana yana ina yanzu?"

Wannan tambayar ce ta sa na shiga karance-karance daga baya, na gano ashe gardamar dattawan nan ta fi shekara 1,500 ana yin ta.

Littafi Mai Tsarki ya kawo labarin mutanen da suka kashe kansu, irin su Sarki Saul da Ahitofel da Yahuza Iskariyoti, amma bai tsaya ya fayyace makomar duk wanda ya yi haka ba. Wanda ya ɗaure maganar tamau shi ne Agustin, limamin birnin Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yau, a farkon ƙarni na 5. Ya ce dokar da ta hana kisa a cikin Dokoki Goma ba ta ce maƙwabci kaɗai ba, saboda haka ta haɗa da ran mutum na kansa. Ka lura da wani abu a Hausa: in mutum ya kashe wani sai mu ce ya yi kisan kai. Agustin cewa ya yi, to, ai kai ma kai ne. A ƙarni na 6 taron manyan limamai a Braga, cikin Fotugal ta yau, ya hana yi wa irin wannan mamacin addu'o'in jana'iza. A ƙarni na 13 Toma Akwinas ya kawo hujjoji uku: aikin ya saɓa wa ɗabi'ar son rai da aka halicci mutum da ita, ya cuci jama'ar da mutum yake cikinta, kuma ƙwace ne na abin da yake mallakin Allah. Turawa suka ɗauki abin da zafi har ya wuce makaɗi da rawa. A Ingila sai a mararrabar hanya ake binne gawar, har zuwa 1823, gwamnati kuma ta ƙwace dukiyar mamaci ta bar iyalinsa a tsiya. Sai a 1961 suka cire abin daga jerin laifuffuka.

Amma tun da can akwai masu ja. Martin Luta, wanda ya ɓalle daga Katolika a ƙarni na 16, ya taɓa faɗa wa ɗalibansa cewa bai yarda lallai irin waɗannan mutane sun halaka ba, domin a ganinsa Shaiɗan ne ya fi ƙarfinsu, kamar matafiyin da ɗan fashi ya tare a daji. In ka samu fim ɗin "Luther" na 2003, wanda Joseph Fiennes ya fito a ciki, za ka ga wata fitowa inda ya ɗauki shebur da hannunsa ya haƙa wa wani yaro kabari a harabar coci bayan kowa ya ƙi. Marubutan fim ɗin ne suka ƙago fitowar, amma ra'ayin nasa ne. A matsayina na mai sharhi, wannan ita ce fitowar da ta fi kowace tsaya mini a rai, kuma ba a sa mata wani kiɗan jan hawaye mai yawa ba.

Ita ma Katolika ta sauya salo. Dokar cocin ta 1917 ta hana jana'izar, ta 1983 kuma ta cire hanin. Littafin koyarwarsu na 1992 har yanzu ya ce aikin babban laifi ne, amma ya ƙara da cewa ciwon ƙwaƙwalwa da tsananin baƙin ciki ko firgita na iya rage nauyin laifin a kan mutum, kuma kada a yanke ƙauna daga cetonsa, domin Allah na da hanyoyin ba shi damar tuba da babu wanda ya san su.

Su kuwa coci-coci irin na su abokina, masu bin tafarkin bishara, ta wata ƙofa suke shiga. A imaninsu ceto kyauta ne, alherin Allah ne ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu, ba ladan aiki ba ne. Saboda haka malamansu da dama sukan yi tambaya: in ceto ya rataya a kan mutum ya tuba daga zunubinsa na ƙarshe kafin ya cika, yaya ke nan makomar wanda ya zabga ƙarya a tasha, ya shiga mota, motar ta kife kafin Ɗanbatta? Sukan kawo Samson, wanda ya rushe gini a kansa da maƙiyansa, amma wasiƙar Ibraniyawa ta lissafa shi cikin masu bangaskiya. Sukan kuma gwada Bitrus da Yahuza. A labarinsu, a dare ɗaya duka biyun suka ci amana, ɗaya ya yi musu sau uku, ɗaya ya karɓi azurfa 30. Duka sun yi nadama. Bambancin shi ne Bitrus ya jira har gafara ta same shi, Yahuza kuwa ya yanke wa kansa hukunci. To amma kada in yi maka rufa-rufa, ba duka suka yarda ba. Akwai fastoci da mabiya masu yawa a ƙasar nan da za su ce maka kai tsaye wuta ce, ba wata-wata.

Na san abin da ke ranka, domin ni ma ya zo mini: shin wannan sassaucin ba buɗe ƙofa ba ne? In ka ce wa mai ƙuncin rai akwai gafara, ba ka tura shi ba? Tsoron ba na banza ba ne, kuma dattawan da suka ce a binne shi shiru ba mugaye ba ne, sauran samarin ƙauyen suke ji wa. Sai dai ni a ganina sun haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Hukuncin aiki daban, makomar mutum daban. Babu ɗaya daga cikin malaman da na ambata da ya ce aikin halas ne. Abin da suka ƙi shi ne ɗan'adam ya hau kujerar da ba tasa ba. Mai karatu Musulmi ma ba baƙon wannan rarrabewar ba ne, tunda manyan malamai sun ce babban zunubi ne amma bai fitar da mutum daga addini ba, kuma jama'a za su sallace shi. Ban da haka, tsoratarwar ba ta isa kunnen wanda ya riga ya tafi. Uwa take samu, da mata, da 'ya'yan da za a riƙa nuna su da baki a kasuwa har su girma.

Kuma tsoro kaɗai bai taɓa warkar da ciwo ba. Sashe na 231 na dokar Final Kod da aka kafa wa Arewa a 1960 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa bai mutu ba. Ka ji fa, mara lafiya ne za a kai gidan yari. Gana ta soke irin wannan dokar a 2023. Yayan abokina ya yi wata biyu ba barci, ga asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa nan Kazaure, ga na Dawanau a Kano, amma babu wanda ya kawo a ransa cewa wannan ciwo ne da ake kai wa likita. In kana da wani a gida da ya shiga irin wannan halin, daga Gwiwa kake ko Babura, ka zauna da shi ka tambaye shi, ka kai shi. In kai ne da kanka, don Allah ka faɗa wa wani yau, kada ka bari sai gobe.

'Yan fim da marubutanmu kuwa, mun san inda kuka ɗauko ƙawar. Tun "Ek Duuje Ke Liye" na 1981 da "Qayamat Se Qayamat Tak" na 1988 Indiyawa suka koya mana cewa mutuwar masoya ita ce ƙololuwar soyayya. Ni na ga abin a zahiri, wallahi babu kiɗa a wurin. Akwai yara biyu da aka kai maƙwabta don kada su ji, da mai bin bashi da ya zo gaisuwa yana sunkuyar da kai.

Faston nan dattijo ne, ya daɗe bai amsa wa uwar ba. Can ya ce, "Inna, ban sani ba, ba a ba ni wannan mabuɗin ba. Abin da ɗanki ya yi ba daidai ba ne, ba zan ɓoye miki ba. Amma ni na yi masa baftisma, kuma wanda yake hannunsa yanzu ya fi ni da ke jinƙai." Da la'asar aka binne shi kusa da mahaifinsa. An yi waƙa ɗaya. Dattawa biyu ba su zo ba, amma washegari na ga ɗayansu ya aiko wa matar mamacin da kwano uku na gero.