Haƙƙin mai shagon injin shara

A garuruwan Amurka akwai ƙananan shaguna da ba sa sayar da komai sai injin shara mai zuƙe ƙura, wasu su haɗa da keken ɗinki. Suna ta rufewa. Mutum zai shiga, mai shago ya watsa ƙasa a kan kafet, ya gwada masa Miele, ya gwada masa Hoover, har ya tambaye shi ko yana kiwon kyanwa. Bayan rabin awa sai ya yi godiya ya fita, ya yi odar injin ta waya da rahusa.

Bai saci komai ba. Amma ya tafi da sanin da mai shago ya daɗe yana tarawa, wanda ladansa ke cikin 'yar ribar nan da ya kauce wa. Shin wannan ba haƙƙi ba ne?

A Disamban 2011 Amazon ta yi ragin kashi 5 cikin ɗari, iyakarsa dala 5, ga wanda ya duba farashi da manhajarta ta Price Check yana tsaye cikin shagon wani. Rubuta manhaja ce sana'ata, kuma da ni aka bai wa wannan aiki, da na yi shi ina murna. Abin da ke damuna ke nan.

Mai ƙaramin ƙarfi kuwa, ba zan ce ya biya ƙari don kara ba. Sai dai ran da bel ɗin injin ya tsinke, zai tarar mai gyaran ya kulle shago, ya jefar da injin ya sake odar wani.