Tsakanin "Ƙaddara Ce" da "Wa Ya Yi?"

Daren 28 ga Janairu 2025 jirgin Max Air da ya taso daga Legas ya sami matsala a tayarsa ta gaba wajen sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Mutum 59 ne a ciki, duka suka fito da ransu. Washegari da hantsi muna zaune a bakin kanal, mu biyar, muna jiran ruwa ya iso layinmu, sai aka karanta labarin a rediyo. Dattijon cikinmu ya shafa gemu ya ce, "Allah ya tsare, kwanansu ne bai ƙare ba." Wani matashi mai shagon maganin feshi a Kura ya ce, "Baba, tsarewa kam an tsare, amma direban nan a kore shi." Aka yi dariya, aka koma zancen farashin tumatir a Kwanar Gafan.

Ni ban tofa ba. Na taɓa zama a kujerar wannan direban, duk da jirgina bai taɓa barin ƙasa ba.

Shekarun baya, cikin sanyi irin wannan, ban ruwana ya faɗo da dare. Kwana biyu ban runtsa ba, uwargida na kwance a asibiti ina jinya. Bayan isha na buɗe ƙofar ƙaramin kanal, na jera bututun roba a fangalin alkamata, na ce bari in jingina a rumfa kafin tsakar dare. Kiran asalatu ne ya tashe ni. Kunyar kanal ta fashe, ruwa ya bi gangare ya kwanta a gonar maƙwabcina, tumatir eka ɗaya da rabi da ya fara fure. Wanda ya san tumatir ya san ba ya yafe kwanan ruwa. Kafin rana ta take mutane sun rabu biyu: tsofaffi suna ba shi haƙuri cewa rabonsa ne bai tsaga ba, 'ya'yansa kuma suna cewa sai an je gaban mai unguwa. Aka je. Na amsa cewa barci ya ɗauke ni, aka yanka mini buhunan shinkafa in biya da kaka, na biya, aka yi fatiha.

Abin da ba wanda ya tambaya shi ne me ya hana ruwan bin magudana, alhali don irin wannan ranar aka haƙa ta. Ta cike da kacalla, wani ma ya cinye rabinta ya shuka albasa. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi dare uku a jere ya faɗo kan mutum ɗaya. Akwai kuma abin da ni kaɗai na riƙe a ciki: da magariba na ga tsaga a jikin kunyar, ga ramin gafiya kusa da ita, na ce a raina za ta kai gobe. Da na faɗi wannan a gaban mai unguwa, da buhunan sun ninka. Sai na haɗiye. Bayan shekara biyu wurin ya sake fashewa a hannun wani.

Ina aji huɗu a firamare lokacin da jirgin alhazai ya faɗi a Kano. Litinin ce, 22 ga Janairu 1973, kwanaki kaɗan bayan Babbar Sallah, a watan da naira ta shigo hannunmu, ana tsakiyar aikin madatsar Tiga wadda ruwanta muke jira yau. Jirgi ne ƙirar Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, Nigeria Airways ta yi hayarsa ya kwaso alhazai daga Jidda zuwa Legas. Yanayi ya ɓaci a Legas, aka karkato da shi Kano, ya tarar da iska mai ƙarfi. Maimakon tayoyin baya su fara taɓa ƙasa, ta gaba ce ta fara, ta ci karo da wani loɓaɓɓen wuri a titin ta karye, ƙafar dama ta bi ta, jirgin ya juya ya bar titi ya kama da wuta. Cikin mutum 202, 176 suka rasu. A lokacin yana cikin mafi munin haɗarin jirgin sama da duniya ta gani. Abin da na riƙe daga bakin manya a ƙofar masallaci shi ne cewa waɗannan sun dace, sun dawo daga Arfa babu zunubi, Allah ya karɓe su da tsarkinsu. Har gobe ina ganin gaskiya suka faɗa, kuma ba ni da abin da ya fi wannan da zan gaya wa wanda ya je tarar mahaifiyarsa ya dawo da casbaharta kawai. Sai da na girma na lura cewa labarin yana ɗauke da tambayoyi aƙalla uku: hannun matuƙi, lafiyar titi, da ƙarfin iska. Dacewar alhazan ba ta amsa ko ɗaya ba, kuma washegari wani jirgin zai sauka a wannan titin.

Ɗan ƙanwata ya yi karatu a kwalejin jiragen sama ta Zariya, ɓangaren gyara. Shi ya fara buɗe mini yadda masu wannan sana'a suke yi idan abu ya faru. Ya ce, "Kawu, mu a wajenmu bincike daban, shari'a daban." Akwai ƙa'ida ta hukumar ICAO, Rataye na 13 na Yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ƙasashen duniya suka amince da ita. Abin da ta tsayar shi ne cewa binciken haɗari manufarsa ɗaya ce, hana shi sake faruwa, ba raba laifi ko yanke diyya ba. Ƙasar da abin ya faru ita ke jagora, ƙasar da ta ƙera jirgin da ƙasar kamfanin suna turo wakilai. Ana son rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe cikin shekara idan ya yiwu. A nan Najeriya aikin hukumar NSIB ne, wadda a da ake kira AIB kafin dokar 2022 ta ƙara mata jiragen ƙasa da na ruwa. Ladabtarwa kuwa ta hukumar kula da sufurin jiragen sama ce, wato NCAA, ita ce ma ta dakatar da jigilar cikin gida ta Max Air na wata uku bayan abin da ya faru a Kano. Akwatin da muke cewa baƙi, ya ce, ruwan lemo ne launinsa, kuma biyu ne: ɗaya yana naɗar maganar matuƙa, ɗaya yana naɗar gudu da tsayi da motsin inji.

Na ce masa, to idan an ji muryar mutum ƙarara yana yin kuskure, me ya rage? Ya ce nan ne aikin yake farawa. Kalmar "kuskuren matuƙi" a wajensu kamar a ce maka gona ta bushe ne saboda rashin ruwa. Gaskiya ne, amma bai gaya maka ko kanal ne ya toshe ko get aka rufe ba. Sai sun tambayi awa nawa ya yi barci, me aka koya masa, me hasumiya ta gaya masa, ko mataimakinsa ya ga abin ya ji nauyin yi wa babba magana.

Ya ba ni misali da jirgin Sosoliso da ya faɗi a Fatakwal ranar 10 ga Disamba 2005. Daga Abuja ya taso da mutum 110, biyu suka tsira, kuma 60 daga cikin mamatan yara ne 'yan makarantar Loyola Jesuit da za su hutu, iyayen wasu na tsaye a filin jirgin suna jira. A wajen sauka akwai wani tsayi da aka ƙayyade: idan ka sauko zuwa nan ba ka ga titi da idonka ba, sai ka fasa, ka ƙara wuta ka tashi ka sake zagayowa. Matuƙan sun kai wannan tsayin cikin ruwan sama da hadari, ba su ga titi ba, suka ci gaba da saukowa. Da suka yanke shawarar fasawa lokaci ya ƙure. Rahoton bai ɓoye wannan ba, shi ya sa a gaba. Amma ya ƙara da iskar da ke sauya fuska farat ɗaya, da fitilun titi da ba a kunne suke ba, da wata magudanar kankare a gefen titin da jirgin ya doka ya tarwatse. Da ya ambaci magudana sai na ji gabana ya faɗi. "Za ta kai gobe" ɗina da "bari mu ƙara saukowa kaɗan" ɗinsu uwa ɗaya ta haife su.

Na daɗe ina juya wannan a gaban karatun da muka yi a zaure, don na ji masu cewa yawan tono sababi rashin yarda da ƙaddara ne. Ban ga haka ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya isa Sarga aka ce masa annoba ta ɓarke, ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take, ya kawo misalin makiyayi a kwari mai gefe biyu, ɗaya kore ɗaya fako: duk inda ya kai raƙumansa da hukuncin Allah ne, amma shi ya zaɓa. Manomin Bunkure ba ya buƙatar sharhi a kan wannan misalin. Matuƙin da ya fasa sauka ya sake zagayowa abin da Umar ya yi ya yi. Malamanmu kuma, a sharhin muhawarar Annabi Adamu da Annabi Musa, sun bambanta abu biyu: ana fakewa da ƙaddara a kan musibar da ta riga ta auku don zuciya ta natsu, ba a fakewa da ita don wanke sakaci.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne hukuncin kisan kuskure a Suratun Nisa'i. Mai kuskure ba a yi masa kisasi, ba a sa shi sahun mai ganganci, amma kuma ba a ce masa tafi abinka ƙaddara ce ba. Akwai kaffara a kansa, akwai diyya. Ita diyyar, a fiƙihu, ba shi kaɗai ke ɗauka ba, ana raba ta a kan danginsa. Ni ba malamin addini ba ne, tsohon malamin firamare ne mai eka uku, amma ina ganin a nan shari'a ta riga masu binciken jirgi gane wani abu: kuskuren mutum ɗaya da wuya ya zama nasa shi kaɗai, kuma idan aka jibga masa dukan nauyin zai karye ko ya yi ƙarya. Ni ƙarya na yi, ta hanyar shiru.

Ba zan ce tsarin nasu ba shi da aibi ba. Matar da ta rasa 'ya'ya a Fatakwal tana da haƙƙin ta ji haushin rahoton da ya ƙi kiran kowa mai laifi, ko da an ce mata kotu na nan. A ƙasa irin tamu kuma "ba ma neman mai laifi" tana saurin zama riga ga manya, musamman idan matuƙin ya mutu, a tattara komai a sa masa a kabari. Jirgin alhazan da ya kama wuta a Jidda ranar 11 ga Yuli 1991, a hanyarsa ta zuwa Sakkwato, mutum 261 suka rasu: tayoyi ne da aka san iskarsu ta yi ƙasa, aka bar jirgin ya tashi don kada a makara. Wannan ya wuce mantuwa, ya shiga gonar ganganci, kuma ban yarda a shafa masa mai ba. Abin da nake karewa kawai shi ne a sami zama ɗaya, kafin na mai unguwa ko bayansa, inda mutum zai iya cewa "na ga tsagar" ba tare da an ƙirga masa buhu a kan kowace kalma ba. A layinmu muna da zaman ta'aziyya, muna da zaman shari'a. Wannan na ukun ne ba mu da shi, kuma ƙungiyar masu ban ruwa tamu, da ya kamata ta zama shi, kuɗin ruwa da rabon taki suka cinye mata lokaci.

Ranar da aka karanta labarin jirgin, bayan sauran sun watse, saura ni da maƙwabcin nan nawa. Ya tsufa, 'ya'yan ne ke noma yanzu, shi zuwa yake ya zauna. Na ce, "Yaya, akwai maganar da na riƙe maka shekara da shekaru." Na gaya masa zancen tsagar da ramin gafiya, da abin da na ce a raina, da dalilin da ya sa na yi shiru a gaban mai unguwa. Ya daɗe yana kallon kanal. Sannan ya ce, "Malam, ni da la'asar na gan ta. Na ce ai kai ne da ruwa yau, za ka gani ka toshe."

Muka yi shiru. Can sai ga ruwan ya ɓullo daga kwana yana tura busasshen ganye a gabansa. Na miƙe na ɗauki shebur, ya ce in fara duba wajen bishiyar darbejiya, ya ga ƙasar wurin ta yi laushi jiya.